Yadda ake ƙara wa injin mota ƙarfi da kuɗi kaɗan

Tambayar nan ta yawaita: mota ta yi sanyi, ba ta jan hawa, in an zo wuce babbar mota sai gaban direba ya riƙa faɗuwa, kuɗi kuma ba su taka kara sun karya ba, to me za a saya a ɗaura mata? Yawancin masu tambayar sun riga sun zaɓi abin da ransu ke so, ko salansa mai ruri ko wata 'yar na'ura da suka gani ana talla, goyon baya kawai suke nema. Amsata takan ɓata musu rai: kada ka sayi komai tukuna. Motar da ta shekara goma tana bin hanya ba ta ba da ƙarfin da aka ƙera ta da shi, kuma dawo da wanda ya zube ya fi kowane ƙari araha. Sai an gama wannan ake maganar ƙari. Bi matakan yadda suka zo, domin wanda ya fara daga ƙarshe yakan biya kuɗin aiki sau biyu.

1. San irin injin da ke gabanka

Abu uku za ka tabbatar: fetur ne ko dizal, yana da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ko ba shi da shi, kuma wace irin giya ce a jikinsa. Ka nemo lambar injin a littafin motar ko a jikin injin, ka rubuta ta, don da ita za ka sayi duk wani kaya nan gaba.

Maganar turbo ita ke raba hanya. Injin da ya zo da turbo daga kamfani, sauya masa lissafin kwamfuta kaɗai kan ƙara masa wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Wanda ba shi da turbo kuwa, ko ka haɗa masa filta da salansa da gyaran kwamfuta, in ka samu kashi 10 ka gode. Mai inji marar turbo da ya san wannan tun farko ba zai zuba kuɗinsa yana jiran abin da ba zai zo ba.

Gargaɗi: giyar CVT, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya, ba ta son ƙarin ƙarfin juyi. In irinta ce a motarka, ka yi mataki na 2 zuwa na 5 da na 9, sauran ka bar su.

2. Auna motar kafin ka taɓa ta

Jikin direba ba ma'auni ba ne. Da ƙara ta ƙaru sai mutum ya rantse gudu ya ƙaru, alhali wani lokaci raguwa ma ya yi. Nemi miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso, ka sa giya ta uku, ka taka totur har ƙasa daga gudun kilomita 50 zuwa 100, wani na gefenka yana riƙe da agogo ko manhajar waya mai GPS. Yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, saboda iska da gangaren da ido ba ya gani, sannan ka ɗauki matsakaicin lokacin. Rubuta yawan man da ke tanki da yanayin zafin ranar. Duk abin da ka sauya daga baya, wannan gwajin za ka maimaita a hanyar nan ɗin.

Sai sikana, wato na'urar da ke karanta bayanan kwamfutar mota. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD-II mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar sikana mai haɗuwa da waya ita ce kayan aiki mafi araha a duk jerin nan, kuma ita za ta fi yi maka amfani. Duba lambobin matsala: P0300 na nufin silinda na tsallake wuta, P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, P0420 na nuni ga katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Ko fitilar gargaɗi ba ta kama ba, ka duba adadin gyaran mai na dogon zango, wanda sikana ke nunawa da LTFT. In ya haura +10 cikin ɗari, kwamfuta na ƙara mai ne don rufe wata ɓaraka: ko iska na shiga ta wata tsagaggiyar roba, ko sensar iska ta yi datti, ko famfon mai ya gaji.

3. Gwada matsin silinda

Nan ake sanin ko injin ya cancanci a kashe masa kuɗi. Bar shi ya yi ɗumi, kashe shi, jira ya ɗan huce, cire fiyus ɗin famfon mai da wayoyin kwil, kwance dukkan fulogai. Ɗaura gejin matsi a ramin fulogi na farko, taka totur har ƙasa, ka ba shi sitata har allurar ta daina hawa. Haka za ka bi kowace silinda.

Adadin da ya dace yana cikin littafin gyaran injin, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne su yi kusa da juna: tazarar mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata ɗan cokalin baƙin mai ka sake gwadawa. Matsi ya tashi, ringi ne suka cinye. Bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Silinda biyu maƙwabta sun faɗi tare, kusan kullum gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone a tsakaninsu.

Gargaɗi: injin da ya faɗi wannan gwajin, ko yake shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ba ƙari yake buƙata ba, gyara yake buƙata. Ƙara masa wuta hanya ce ta sa shi ya buga da wuri. Dizal kuma gejinsa daban ne, matsinsa ya fi ƙarfin na fetur nesa ba kusa ba.

4. Dawo da ƙarfin da ya zube

A ganina kusan rabin kuɗin da ka ware nan ya kamata su tafi, kuma mutane da dama daga nan suke tsayawa saboda motar ta riga ta ba su abin da suke nema.

Fulogi da kwil. Sa irin fulogin da kamfani ya rubuta, da tazarar bakin da ya rubuta. Na iridiyam yakan kai kilomita 100,000, na jan ƙarfe kuwa wajen 30,000, amma tsadar fulogi ba ta ƙara ƙarfi, daɗewa kawai take saye maka. Jabun fulogi masu ɗauke da sunan NGK da Denso sun cika kasuwa, don haka in farashi ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ajiye shi. Kwance fulogi sai inji ya huce, musamman in kan injin na alminiyam ne, in ba haka ba zaren ramin zai biyo shi.

Sensar iska. Tana nan a bututun da ke tsakanin akwatin filta da inji. Cire ta, fesa mata man wanke sensa na musamman, bar ta ta bushe da kanta. Kada ka sa mata yatsa, ƙyalle ko burushi. Siririyar wayar da ke ciki ba ta jure taɓawa. Man wanke kafireto ma ba nata ba ne.

Bakin totur. Goge baƙin dattin da ya taru a gefen faifan. In na lantarki ne kada ka tura faifan da ƙarfin hannu, kuma ka sani wasu motocin sai an sake koya wa kwamfuta matsayinsa da sikana kafin silo ya daidaita.

Hanyar mai. Sauya filtar mai, auna matsin famfo da geji, ka kai nozul a wanke su a injin gwaji inda za ka ga feshin kowanne da idonka. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu alamar GDI, FSI ko TSI, yana da wata lalura ta daban: fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska, sai gawayi ya taru ya shaƙe hanyar. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin, sai an kwance an kankare.

Baƙin mai. Kanikawa da yawa na son zuba mai kauri da sunan kare inji. Injin da aka rubuta wa 5W-30 in ka ba shi 20W-50, ƙarfi yake ɓatawa wajen juya man, kuma tsarin sauya lokacin bawul irin VVT-i na Toyota da VTEC na Honda da matsin baƙin mai yake aiki, kauri na rikita shi.

Tamostat. In an taɓa cire ta wai don kada mota ta yi zafi, mayar da ita. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90 na Salshiyas. Muddin bai kai ba, kwamfuta na ɗauka yanzu aka tada shi, tana ta tura mai fiye da kima. Ga ɓarnar mai, ga mutuwar jiki, ga fulogi na yin baƙi. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa da murfin lagireto.

Taimin. Bel ko sarƙar da ta tsallake haƙori ɗaya tak ta isa ta kashe wa mota jiki. In lokacin sauya bel ya yi, sauya shi yanzu, domin a injuna da yawa in ya tsinke fistin ne zai daki bawul.

Daga ƙarshe, abu biyu da ba na inji ba amma suke cin ƙarfinsa. Bayan 'yar tafiya, kusantar da hannu ga kowane wili. Wanda ya fi saura zafi birkinsa na riƙewa. Sannan iskar taya ta zama daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Yanzu koma hanyar gwajinka ka sake aunawa.

5. Birki da taya kafin ƙari

Ba na sasantawa a kan wannan. Man birki na tsotsar danshi, sai ya riƙa tafasa da wuri, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Sabon DOT 3 na tafasa a digiri 205, DOT 4 a 230, DOT 5.1 a 260. Kada ka rikita DOT 5.1 da DOT 5: na biyun na silikon ne, ba ya gauraya da sauran. Sa fatar birki mai kyau, duba faifai. A jikin taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba robarta ta bushe, ba ta kama ƙasa.

6. Hanyar shigar iska

Abin da inji ke so shi ne iska mai yawa kuma mai sanyi. Duk ƙarin zafi na digiri 10 na rage wa iska nauyi da wajen kashi 3 cikin ɗari, ƙarfi kuma ya bi ta. Wannan ne ya sa buɗaɗɗiyar filtar nan mai siffar mazurari, da ake cire akwati a ɗaura a cikin bonet, sau da yawa take rage ƙarfi: tana zuƙar iskar da lagireto da salansa suka riga suka dafa. Ƙara ce kawai take bayarwa.

Mafi araha shi ne ka bar akwatin kamfani, ka sa sabuwar filta, ka tabbatar bututun da ke kawo masa iska daga gaban mota yana nan bai fashe ba. In sai ka sa ta mazurarin, yi mata shinge da zai raba ta da zafin inji, ka jawo mata iska daga waje.

Gargaɗi biyu. Kada bakin bututu ya sauka ƙasa sosai. Ruwa ba ya matsuwa, in inji ya zuƙe shi a kududdufi sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Sannan filtar auduga da ake shafa wa mai, in man ya yi yawa yana bin iska ya ɓata sensa, kuma a hanya mai ƙura filtar takarda ta fi ta tacewa.

7. Salansa

Fara da tabbatar katalis bai toshe ba. Alamarsa, mota na tashi lafiya amma da juyin inji ya yi sama sai ta shaƙe. Bakanike na iya auna matsin hayaƙi ta ramin sensar oksijin ta gaba. In ya toshe a sauya shi. Fasa shi a zubar da cikinsa laifi ne a ƙasashe da yawa, ciki har da Amurka da Birtaniya, ga wari, ga fitilar gargaɗi da ba za ta mutu ba, kuma a lafiyayyen inji marar turbo abin da ake samu bai kai a yi magana ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗin bututu. Inji mai lita 1.6 zuwa 2.0 marar turbo, inci 2 zuwa 2.25 ya ishe shi. Ka sa masa inci 3, hayaƙi zai rage saurin fita, motar ta mutu a ƙananan juyi, wato daidai inda kake tuƙi kullum. Mai turbo ne ke amfana da faɗi. In kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin salansa da mataki na gaba, kuma injinka mai turbo ne, tsallake salansar.

8. Sauya lissafin kwamfutar inji

Kwamfutar inji, wato ECU, ita ke yanke yawan mai, lokacin tartsatsin fulogi, da yawan iskar da turbo zai tura. Kamfani kan bar rata mai faɗi saboda motar za ta shiga ƙasashe masu mai iri-iri da yanayi iri-iri, kuma sau da yawa inji guda ake sayarwa da ƙarfi mataki-mataki, bambancin na cikin lissafin da wasu 'yan kaya. Wannan ratar mai gyaran ke ci. Injunan Volkswagen irin 1.8T da 2.0 TSI da 1.9 TDI sun yi suna wajen karɓar wannan aiki.

Kafin ka je, in turbo gare ka, a gwada bututan iska da matsi a ga ko suna yoyo, a wanke intakula, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo. Sannan ka yi wa mai aikin tambayoyi huɗu. Zai ajiye maka asalin fayil ɗin motar ya ba ka kwafi? Da wane irin mai zai daidaita ta? Zai hau motar yana ɗaukar bayanai bayan ya gama, ko loda fayil kawai zai yi ya miƙo maka makulli? Zai haɗa batir da na'urar riƙe caji lokacin rubutu? Ta ƙarshen ba wasa ba ce: wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu, kwamfutar na iya mutuwa gaba ɗaya, kuma sabuwa ta fi kuɗin aikin tsada.

Maganar mai ita ce ta fi kashe injuna. Oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi; in an daidaita mota da fetur mai oktan 98 kai kuma 91 kake samu a gidan mai, cakuɗin mai da iska zai riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, wato ƙwanƙwasa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani lokacin da ka taka totur a hawa. Da ka ji, ɗaga ƙafa. Wannan ƙarar fistin take ci. Faɗa wa mai aikin gaskiyar man da kake samu kullum, ba wanda kake fatan samu ba. Ka kuma lura lambobin Amurka daban suke: 87 nasu ya yi kusa da 91 na ma'aunin RON da yawancin duniya ke amfani da shi.

A tafiyar yau da kullum injin fetur na ƙona iska kashi 14.7 da mai kashi 1. In an taka har ƙasa dole man ya ƙaru: wajen 12.5 zuwa 13 a marar turbo, 11.5 zuwa 12 a mai turbo, domin ƙarin man na sanyaya silinda. Nemi a nuna maka wannan adadin a bayanan da aka ɗauka. A dizal kuwa, baƙin hayaƙi ba alamar ƙarfi ba ce, mai ne da bai ƙone ba, kuma zafin da ke tare da shi turbo yake gasawa.

Ka ware kuɗin kuloci a gefe. Tsohon kuloci da yake lallaɓawa da ƙarfin kamfani yakan fara suluɓewa bayan ƙari. Gwajinsa: giya ta sama, ƙaramin gudu, taka totur, in juyin inji ya tashi gudu bai bi shi ba, ya tafi.

Gargaɗi: 'yar na'urar nan mai araha da ake cusawa a soket ɗin OBD wai tana ƙara kashi 35, in ka fasa ta yawanci fitila ce kawai mai ƙyaftawa a ciki. Haka maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da ƙarfen juya iska, da ƙaramar fankar lantarki da ake kira turbo. Akwai kuma wadda ke yaudarar sensar zafin iska don kwamfuta ta ƙara mai. Mai za ka ƙona, ba gudu ba.

9. Rage nauyi

Wannan kyauta ne. Mota mai kilo 1,200 da ƙarfin doki 120, in ka sauke mata kilo 60 na tarkacen but da karagar saman rufi da ba a amfani da ita, daidai yake da ƙara mata kashi 5 cikin ɗari wajen tashi. Mai inji marar turbo zai sha wuya kafin ya sayi wannan da kuɗi.

Manyan wili su ne ɓarayin da ba a zargi. Daga inci 15 zuwa 18 akwai kyan gani, amma ga nauyin da inji zai juya, kuma in tsayin tayar gaba ɗaya ya ƙaru, kamar ka tsawaita kowace giya ne, mota ta yi nauyin tashi, agogon gudu ma ya daina faɗin gaskiya. Safaya, jak, bel ɗin kujera da jakar iska ba sa cikin abin da ake cirewa.

10. Ɗaura turbo a injin da bai zo da shi ba

Ana yi, amma ba aikin mai ƙaramin kuɗi ba ne, duk da arahar da ake gani a tallan kayan. Iskar duniya a bakin teku matsinta wajen bar 1 ne, saboda haka turbo mai tura bar 0.5 na ƙara iska da kusan rabi, kuma abin da yawancin injunan kamfani ke iya ɗauka ke nan ba tare da an buɗe cikinsu ba. Sai dai turbon shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Akwai manifol, wato bututan da ke fito da hayaƙi daga inji, intakula, bututan baƙin mai na shiga da fita, manyan nozul, famfon mai, kwamfutar da za ta san da turbon, kuloci, da ladan wanda zai daidaita su. Haɗa jimlar a takarda, ka kwatanta da kuɗin sayar da motarka ka cika ka sayi irinta mai babban inji. Sau da yawa ta biyun ce ke fin sauƙi, kuma ta zo da birki da giyar da aka yi don wannan ƙarfin.

11. Bayan an gama

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a auna, sannan a wuce; in ka haɗa uku rana ɗaya matsala ta taso, ba za ka san mai laifi ba. Makonnin farko ka riƙa sa sikana kana duba zafin ruwa, LTFT, da ko kwamfuta na ja da lokacin wuta baya saboda ƙwanƙwasa. Rage tazarar juyen baƙin mai. Mai turbo kada ya taka da ƙarfi kafin inji ya yi ɗumi, kuma bayan doguwar tafiya mai gudu ya bar shi a silo minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone a wurin.

Adana duk kayan asali da ka cire tare da fayil ɗin kwamfuta, za ka neme su ranar sayar da motar ko ranar binciken hayaƙi. In motar na ƙarƙashin garanti, sauya lissafin kwamfuta na iya soke na inji da giya, kuma dillalai na iya gano an taɓa ta ko an mayar da fayil ɗin asali. Kamfanin inshora ma ka sanar da shi a rubuce kafin ka hau hanya, domin a ƙasashe da dama gyaran da ba a bayyana ba hujja ce ta ƙin biyan diyya in an yi hatsari.